Danjar Birki Ta Ƙi Mutuwa: Yadda Za Ka Gano Matsalar Ka Gyara

Wajen ƙarfe 11 na dare maƙwabcina ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce, "Malam, danjar motarka fa a kunne take." Na fito da makulli a hannu, na duba makunnin fitilu, a kashe yake. Na tayar da motar na sake kashewa, jan hasken na nan ya haske bangon gida. Na ce bari gari ya waye. Da gari ya waye na murɗa makulli, batir ko motsi bai yi ba, sai da aka aro na wata mota aka tayar da ita. Da bakanike ya zo, ko bonet bai buɗe ba. Ya durƙusa ta ƙofar direba, ya tsinto wasu ɓaraguzan roba a kan kafet, ya nuna mini a tafin hannunsa, ya ce, "Ga mai laifin nan, Alhaji." Robar duka-duka ba ta wuce girman maɓallin riga ba.

Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda wannan matsala ta sama: kada ka bari a fara yanka maka wayoyi, kada kuma ka sayi sabon batir, sai ka leƙa ƙarƙashin sitiyari tukuna. Galibi abin yana nan, kuma gyaransa bai fi ƙarfin mai mota ba.

Wace fitilar ce tukuna?

Fitila biyu ake kira fitilar birki, kuma matsalarsu ba ɗaya ba ce. Akwai danjar baya, wadda ke kamawa idan ka taka birki don na bayanka ya sani. Akwai kuma jar alamar da ke kan dashbod, da'ira mai alamar motsin rai a tsakiya, ko kalmar BRAKE a motocin da aka shigo da su daga Amurka. Ta farko tana cin batir, tana kuma jawo a buge ka ta baya. Ta biyu tana iya nufin birkin kansa ne ke shirin ƙwacewa. Zan fara da danjar baya, sannan in dawo kan ta dashbod.

Ka kuma tabbatar danjar birki ce ke ci, ba ƙananan fitilun dare ba, don a gida ɗaya suke zaune. Ta birki ta fi haske nesa ba kusa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka dubi fitila ta uku, wadda ke jikin gilashin baya ko kan murfin but. Ita ba ta kamawa sai da birki. Idan tana ci alhali ba kowa a cikin mota, to layin birki ne.

Idan dare ne, ceci batir ɗinka

A yawancin motoci wutar danjar birki ba ta bi ta makulli, kai tsaye take zuwa daga batir, shi ya sa zare makulli ba ya kashe ta. Kowane ƙwan birki na gargajiya yana jan wat 21. Guda biyu wat 42 ke nan, wanda a kan volt 12 ya kama amfiya uku da rabi. A awa 10 an sha amfiya-awa 35 daga batirin da ɗaukacin ƙarfinsa bai wuce 60 ba ranar da yake sabo. Ka ƙara fitila ta uku, ka tuna wasu motocin ƙwai huɗu gare su, za ka ga dalilin da ya sa mota ba ta tashi da safe. Batirin mota kuwa duk lokacin da ya zube ƙasa warwas, kwanansa ne ke raguwa. Ga zafin ƙwan da ya kwana yana ci, wanda kan narkar da soket ko ya lanƙwasa robar danja.

Don haka kafin ka kwanta yi ɗaya daga cikin biyu. Ko ka buɗe akwatin fiyus, wanda ke ƙarƙashin dashbod ta gefen direba ko cikin bonet, ka nemi wanda aka rubuta wa STOP a jikin murfin, ka zare shi. Ko kuma ka kwance kan batir mai alamar debewa, wanda sufana mai lamba 10 ke kwancewa a yawancin motocin Japan. Na fi son zare fiyus, saboda cire kan batir yana goge agogo, wasu rediyoyin Honda kuma sai sun nemi lambar sirri kafin su sake magana.

Amma fa na kwana ne kawai. Kada ka hau titi da fiyus a aljihu, don babu danja ke nan gaba ɗaya. Idan motar otomatik ce ma, mai yiwuwa giya ta ƙi fita daga P, saboda sai ta ji an taka birki take sakin kanta.

Yadda abin ke aiki

Idan ka fahimci wannan, rabin aikin ya ƙare. A saman ƙarfen fedar birki, can ciki inda ido ba ya kaiwa sai an sunkuya, akwai wani ɗan suwic mai hanci kamar kan biro, da sifirin a cikinsa. Mutane da yawa suna zaton taka birki ne ke danna shi. Akasin haka ne. Lokacin da ƙafarka ba ta kan birki, ƙarfen fedar yana danne da hancin, wuta a yanke. Da ka taka, fedar ta yi nisa da shi, hancin ya fito, wuta ta wuce zuwa danja. Saboda haka duk abin da zai hana a danne hancin nan, ko ya hana suwic ɗin yanke wuta, zai bar danja a kunne.

Mataki na farko: ɗaga fedar

Sa wani ya tsaya a baya yana kallo. Idan kai kaɗai ne, juya bayan motar ga bango ka riƙa kallo ta madubi, ko ka jingina wayarka tana ɗaukar bidiyo. Sa ƙafa a ƙarƙashin fedar ka ɗago ta sama. Idan danja ta mutu, fedar ce ba ta komawa mazauninta, ko suwic ya ja baya. Duba ko kafet ya naɗe ya tokare ta, musamman irin masu kaurin nan da ake shimfiɗawa a kan na asali. Duba sifirin da ke mayar da fedar, ko ya tsinke ko ya fice daga maƙalinsa. Idan fedar tana da nauyin dawowa, ƙura da tsatsa ne a inda take juyawa, a goge a ɗiga mai kaɗan.

Mataki na biyu: nemi robar

Nan ne zan daɗe, don nan ne aka fi samun ɓarnar. Tura kujera baya iyakarta, ɗauki tocila, kwanta rigingine da kanka a ƙarƙashin sitiyari. Bi ƙarfen fedar da ido har sama. Daidai inda hancin suwic ke taɓa ƙarfen akwai ɗan rami, kuma a cikin ramin ya kamata ka ga wata 'yar roba mai faffaɗan kai. Ita ce ke danne hancin. Da shekaru da zafi, robar nan takan bushe ta yi ƙwari, wata rana ta farfashe ta zubo. Daga nan hancin sai ya faɗa cikin ramin, ba abin da ke danne shi, danja ta kama ta ƙi mutuwa.

Motocinmu na Kwatano sun riga sun yi shekaru a ƙasar da suka fito, sannan su zo su sha ranar Maris da Afrilu da gilasai a rufe. Ba mamaki robar ta gaji. Ana yawan ganin haka a Honda Accord da Civic, da Toyota, da Nissan, da Hyundai da Kia. Kamfanin Hyundai da kansa ya yi kiranyen Sonata ƙirar 2011 da 2012 a Amurka a shekarar 2015 saboda lalacewar wannan robar, ka ga ba ƙaramin abu ba ne ko a can.

Shaidarka ita ce ɓaraguzan da ke kan kafet, masu launin shuɗi, rawaya, fari ko baƙi. Idan an share motar ba ka gansu ba, taka fedar da hannu ka shafa ramin da yatsa. Ramin a buɗe, roba ta tafi.

Sabuwar tana samuwa wajen masu kayan gyara, a Kofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka in kana Kaduna, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Sawa ba wuya: danna fedar ƙasa da hannu ɗaya don a sami fili, cusa ƙafar robar cikin ramin ta ɓangaren da ke fuskantar suwic, matsa ta da yatsa ko filaya har ta zauna daram. Idan fedar ta yi tauri, tayar da injin tukuna, giya a P ko firi, birkin hannu a ɗage, za ta yi laushi. Saki fedar, danja ta mutu nan take.

Idan ba a sami robar ba a ranar, akwai dabarar wucin gadi. Ƙaramin ƙusa mai faffaɗan kai da noti, a zura shi a ramin a ɗaure, kan yana kallon suwic. Ko irin maɓallin robar nan da ke riƙe murfin cikin ƙofa. Wasu kan manna tsabar kuɗi da gam su naɗe da salatif. Wannan ta ƙarshe ba na sakin jiki da ita, don zafi kan saki gam, tsabar ta zame kana tsakiyar hanya ba ka sani ba. Ko wacce ka yi, kaurinta ya yi kusa da na robar asali, kuma ka nemi ta gaskiyar cikin makon.

Mataki na uku: gwada suwic ɗin

Idan roba na nan lafiya, danna fedar ƙasa da hannu, sa yatsa ka tura hancin suwic ciki har ƙarshe. Danja ta mutu? To suwic lafiya lau yake, matsayinsa ne ya goce, sai saiti. Ba ta mutu ba? Zare soket ɗin da ke bayan suwic, akwai ɗan harshe da ake dannawa kafin ya fito, kada ka ja ta wayoyi.

Wannan gwajin shi ke raba gardama. Idan ka zare soket danja ta mutu, suwic ya ƙone ta ciki ko hancinsa ya maƙale, sai canji. Idan ka zare amma tana nan tana ci, suwic ba shi da laifi, wuta na shiga layin ta wata hanya, sai ka tsallaka mataki na biyar.

Mai mitar auna wuta zai iya ƙara tabbatarwa. Sa ta a inda take ƙara idan waya ta haɗu, ɗora bakinta biyu a ƙafafun suwic na danja. Hanci a waje, ta yi ƙara. Hanci a danne, ta yi shiru. Idan tana ƙara a kowane hali, ya mutu.

Mataki na huɗu: saiti ko canji

Tsofaffin motoci suwic ɗinsu mai zare ne kamar ƙusa, da noti mai riƙe shi. Zare soket, sassauta notin, murɗa suwic ɗin ya matso wajen fedar kaɗan-kaɗan har hancin ya shige, sannan ka ɗaure notin ka mayar da soket. Na baya-bayan nan, kamar na Toyota da Honda da yawa, murɗawa ɗaya ake yi hagu ya fito. Wajen mayarwa, a riƙe fedar a sama, a tura shi har ya taɓa robar, a murɗa dama ya kulle, shi da kansa yake barin 'yar tazarar da ake buƙata. Na motocin Volkswagen, irin su Golf da Passat da Sharan, su ma da kansu suke saita kansu, amma ba sa son a yi ta cirewa ana mayarwa, kuma yadda ake sa su ya bambanta daga ƙira zuwa ƙira, don haka bi takardar da ta zo da sabon.

Ga kuskuren da nake so ka kiyaye ƙwarai. Kada ka tura suwic ciki har ya zama shi ne ke danne fedar ƙasa. Idan fedar ba ta dawowa ƙarshe, ƙaramar kafar da man birki ke komawa ta cikinta a masta, wato famfon da fedar ke turawa ya aika man birki zuwa tayoyi, tana toshewa. Mota za ta tashi lafiya, amma bayan 'yan kilomitoci man ya yi zafi ya kumbura, birki ya riƙa kama kansa, ka ji mota ta yi nauyi, ƙafafu suna wari. Bayan saiti, taɓa fedar da yatsu. Dole ka ji ɗan wasa na 'yan milimitoci kafin ta fara tauri, kuma danja ta kama da an ɗan taɓa, tun kafin birki ya ciji.

Idan sayen sabo za ka yi, tafi da tsohon a hannu. Wani ƙafa biyu gare shi, wani huɗu. Mai huɗun, biyu na danja ne, biyu kuma suna kai labari ga ƙwaƙwalwar mota. Ta nan giyar otomatik ke sanin ta saki P, ta nan motar da ake tayarwa da maɓalli ke sanin ka taka birki. Akwai motocin da idan suka ga alamar birki da totur a lokaci guda sukan rage ƙarfin injin, sai mai mota ya yi ta canza fulogi yana neman abin da ya hana ta gudu, alhali suwic ne. Ni dai na fi yarda da na asali, ko da na Beljiyam ne mai kyau, a kan sabon da ba a san inda aka ƙera shi ba.

Mataki na biyar: ƙwai da wayoyi

Idan an zo nan, fara da baya. Buɗe but, kwance danja, zaro ƙwayayen. Yawancin ƙwan birki zare biyu ne a cikinsa, mai wat 21 na birki da mai wat 5 na fitilar dare. A irin mai gindin ƙarfe, za ka ga ɗigo biyu a ƙasansa, kuma kunnuwansa biyu ba tsayinsu ɗaya ba, don kada a sa shi a juye. Idan wani ya cusa ƙwai mai ɗigo ɗaya a soket mai biyu, ko ya tilasta shi a karkace, layin dare da na birki sun haɗe. Alamar wannan a fili take: danjar birki ba ta kamawa da kanta sai ka kunna fitilun dare, wani lokaci kuma ka taka birki ka ga dashbod ya yi haske. Zaren ƙwai da ya tsinke ya kwanta a kan ɗan'uwansa ma yana yin haka. Cire su ɗaya bayan ɗaya, wanda ka cire sauran suka mutu, shi ne.

Duba soket ko ya narke, ko ruwan damina ya taru a gidan danja ya yi kore. Bi wayoyin da ke shiga murfin but ta cikin robar nan mai lanƙwasa, don buɗewa da rufewa kan karya rigarsu su haɗu. Sannan ka tambayi kanka aikin da aka yi wa motar kwanan nan: an sa jiniyar ɓarayi, kyamarar baya, fitilun ado, ko an yi gyaran fenti bayan karo? Sau da yawa a wurin da aka fere waya aka naɗe da salatif ake samun matsalar. Wasu motocin kuma suna da rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa a akwatin fiyus, a layin danja, wanda kan maƙale. Idan akwai irinsa sak a akwatin, musanya su ka gani.

Abin da ya wuce nan na mai wayarin ne, musamman a sababbin motoci da ƙwaƙwalwa ke kunna danja. Nemi mai na'urar duba mota, wanda zai karanta ya ga ko ƙwaƙwalwar na ganin birki a take. Wanda ya ce zai ja maka sabuwar waya ya tsallake ta asali tun bai auna komai ba, ka ba shi haƙuri ka ɗauke motarka.

Jar alamar da ke kan dashbod

Wannan kuma kada a yi tafiya da ita sai an san dalili. Fara da birkin hannu: sauke shi har ƙasa, ɗaga ka sake saukewa. Wasu motocin, kamar Sienna da wasu Camry, na ƙafa ne a gefen hagu. Akwai ɗan suwic a gindinsa da kan maƙale. Idan ka girgiza sandar fitilar na ƙyaftawa, shi ne.

Idan ba shi ba ne, ajiye mota a wuri mai daidai, buɗe bonet, dubi robar man birki da ke gaban direba. Akwai layin MIN da MAX a jikinta, a ciki kuma akwai wani abu mai iyo da ke kunna fitilar idan mai ya sauka. Fitilar da ke kamawa a kwana ko a gangara ta sake mutuwa, alamar man yana bakin iyaka ne.

Man birki ba ya ƙonewa kamar na injin. Idan ya ragu, ɗayan biyu ne: ko takalman birki sun cinye, man ya bi ya cike gurbin, ko kuma yana zuba. Leƙa ta cikin ƙafa ka ga kaurin takalman, idan sun kai wajen milimita 3 lokacin canji ya yi. Kada ka cika robar fal a wannan hali, don ranar da aka sa sababbi man zai dawo ya yi ambaliya, kuma yana cin fenti. Don neman yoyo, duba cikin kowace taya ko ta jiƙe, duba tiyo da bututun ƙarfe, duba ƙasan masta. Sannan tayar da injin, taka birki da ƙarfi ka riƙe rabin minti. Idan fedar na nutsewa a hankali, ko ta yi laushi kamar soso, motar nan ba ta hawa titi. A kira bakanike ya same ta a inda take.

Irin man da motar ke sha yana rubuce a murfin robar, yawanci DOT 3 ko DOT 4. Sayi na rufaffen gwangwani, don man birki yana shan danshin iska, wanda aka daɗe da buɗewa ya riga ya lalace. DOT 5 wani jinsi ne daban, ba a gauraya shi da waɗannan. Man injin ko na giya kuwa kumbura robobin birki yake yi, sai an canza su kaf. Ruwan sabulun da wasu direbobi ke zubawa a hanya yana tafasa da birki ya yi zafi, fedar ta tafi ƙasa babu komai, ga tsatsar da yake bari a ciki.

Idan mai ya cika, birkin hannu a sauke, fitila na nan, mai yiwuwa abin iyon ne ya maƙale a ƙasa. Zare soket ɗin da ke jikin robar, idan ta mutu ka gano shi, a wanke ko a canza, kada a bar shi a zare. Idan jar alamar ta zo tare da rawayar ABS, wato tsarin da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi, sai an sa na'ura. Idan kuma ta zo tare da hoton batir a lokaci guda, kamar yadda Toyota da Nissan da yawa ke yi, duba altaneta da bel ɗinta, caji ne ya tsaya.

Akwai masu cire ƙwan alamar, ko su liƙe ta da baƙin salatif ta ciki, musamman idan za a sayar da mota. In za ka sayi ta hannu, murɗa makulli zuwa ON ba tare da ka tayar ba, birkin hannu a ɗage. Dole jar alamar birki da ta ABS su bayyana, ta ABS ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi, ta birki kuma ta mutu da ka tayar ka sauke birkin hannu. Wadda ba ta bayyana ba sam, a buɗe dashbod a duba kafin ka biya kuɗi.